Ƙarfe Shida a Cikin Log

Litinin, 2 ga Satumba

Sabon Oga ya kira ni ofishinsa yau, ya nuna mini kujera, sai ka ce ba ni na ɗauko kujerun nan daga mota ba tun yana sakandare. Wai so yake a haɗa log ɗinmu gaba ɗaya a wuri guda, tsari ɗaya, agogo ɗaya, yadda kowa zai iya dubawa. Kowa. Sau uku ya faɗi kalmar.

Sabarmu, babbar kwamfutar ofis, ɗaya ce a gaba, tana ɗauke da manhajoji uku na ɗakunan gwajin jini da muke wa aiki: ta rajista, ta sakamako, da ta tura wa marasa lafiya saƙon tes. Kowacce da lungun da take zubar da log ɗinta, kuma shekara goma sha tara ni kaɗai na san lungunan. Na ce masa ai idan abu ya lalace sai a tambaye ni. Ya yi wannan murmushin nasa, ya ce, "Baba, idan kana wanka fa?"

Wata shida ya ba ni wa'adi? Ina! Sati shida.

Talata, 3 ga Satumba

Maman yara ta ce wai mene ne log ɗin nan da ya hana ni cin abinci. Na ce mata rubutu ne da na'ura ke yi wa kanta: wa ya shigo, me ya nema, ƙarfe nawa, me ya lalace. Ta ce, "Au, gulma ke nan." Na ce gulmar da ba ta ƙari. Ta ce to ba gulma ba ce.

Abin da ban gaya mata ba: an sa ni in kwashe abin da ke kaina in zuba a allo, don ranar da za a ce in tafi gida kada a yi kewata ko na wuni ɗaya.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na kafa ma'ajiyar tsakiya. Na sa wa kowace manhaja ɗan dako mai kwashe layuka yana kai mata. Ta rajista tana rubutu kamar mai ba da labari, ta sakamako kamar mai rowa, kalma uku ta yi shiru. Ita kuwa sabar fayil biyu take da su, na masu shigowa da na kurakurai, kuma babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Wuni guda na ɓata ina koya wa abu huɗu yare ɗaya.

Sanyin ɗakin sabar ya shiga gwiwata. Da ba ya yi mini haka.

Litinin, 9 ga Satumba

Ma'ajiya ta cika taf kafin azahar. Na manta na bar manhajar rajista tana rubuta kowane numfashinta. Oga ya leƙo ya koma, wanda ya fi zagi ciwo.

Laraba, 11 ga Satumba

Yau dai na yi abin da ya yi mini daɗi, ko da yake ba zan faɗa wa kowa ba. Na sa sabar tana buga wa kowace buƙata lamba tun daga ƙofa, lambar kuma tana bin ta cikin manhajoji uku. Ka ɗauki lamba ɗaya, sai ka ga tafiyar mutum tun daga rajista har saƙon da ya shiga wayarsa. Abin da nake yi da taga huɗu a allon kwamfuta da biro da ciwon kai, ga shi a layi shida.

Na kuma rufe sunaye da lambobin waya. Ashe shekara da shekaru sunayen marasa lafiya na kwance a log tsirara. Wannan ma ni ne.

Tebur ɗin 'Yar Lungu har yanzu babu kowa. Ita ta rubuta manhajar saƙo, a kusurwa take zama bayan firinta, shi ya sa sunan ya bi ta. Wani ya ɗora kwalin takarda a kujerarta.

Juma'a, 13 ga Satumba

Oga yana son a shigar da tsofaffin log na shekara guda, musamman na Mayu. Na ce me za a yi da Mayu, ai an rufe maganar. Ya ce shi bai zo ba a lokacin, yana son ya gani da idonsa.

Bari in rubuta Mayu a nan sau ɗaya in huta. Saƙo arba'in da ɗaya ba su je wa masu su ba cikin sati uku. Ɗaya na wata mai ciki ne, sakamakonta ya ce ta koma asibiti a ranar. Ba ta sani ba. Bayan kwana biyu aka kawo ta a kwance. Ita ta tashi, cikin bai tsaya ba. Aka yi taro a ɗakin sama. Log ɗin 'Yar Lungu ya nuna manhajarta tana mutuwa ƙarfe biyar na safe da saƙonni a cikinta. Aka ce in duba sabar. Na duba ƙarfe biyar, babu komai. Na ce, "Sabar lafiyarta ƙalau." Haka na faɗa, da muryar da nake faɗin abu ba a musa mini. Aka sallame ta ranar Alhamis. Daga baya aka sa ana sake tura saƙonni ƙarfe takwas don kariya, ƙorafi ya tsaya, kowa ya ce ka gani, ita ce.

Ranar da za ta tafi ta zo ta yi mini sallama. Ta ce, "Baba, ka yafe mini, na jawo maka magana."

Talata, 17 ga Satumba

Tsofaffin fayiloli suna shiga a hankali. Agogo ne matsalar. Sabar agogon gari take bi. Manhajar saƙo kuwa agogon duniya take bi, wanda ke bayan namu da awa ɗaya. Na rubuta gyaran, gobe zan sake zubawa.

Awa ɗaya. Ban san me ya sa na karanta shi sau uku ba da na rubuta shi.

Na sani. Ƙarya nake yi.

Laraba, 18 ga Satumba

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe. Mai shara tana goge gilashin ƙofa, firinta tana ta kuka. Na buɗe tara ga Mayu.

Layi biyu a jere, na sama da na ƙasa. Na sama: wani ɗan shiri da na rubuta wa sabar ya tashi ƙarfe shida daidai. Na ƙasa: manhajar saƙo ta mutu, ƙarfe shida da daƙiƙa ɗaya. Biyar ɗinta shida ce tawa.

Shekara bakwai da rubuta shi. Kowace safiya yana naɗe log ɗin jiya ya buɗe sabo, kuma don manhajoji su saki tsohon fayil, sai ya kashe su da ƙarfi ya sake tada su. Ba ya tambaya ko suna riƙe da wani abu. Lokacin da na rubuta shi babu abin da ke motsi ƙarfe shida. A watan Afrilu ɗakin gwaji suka fara turo sakamako shida saura biyar. Duk saƙon da ke kan layi lokacin da shirina ya sauke gatari, ya tafi.

Na duba goma ga wata. Na duba sha uku. Na duba duka. Arba'in da ɗaya, babu ɗaya da ya kuɓuce mini.

Na fita na tsaya a matakala har mai shara ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce gwiwa ce.

Alhamis, 19 ga Satumba

'Yar Lungu ma ai da laifinta. Wa ke ajiye saƙon asibiti a ƙwaƙwalwar manhaja ba tare da ya rubuta shi a faifai ba? Wa ya ce ta bi agogon duniya? Ɗakin gwaji kuma da suka canza lokaci, wa suka gaya wa?

Na gyara shirin yau a ɓoye. Yanzu sallama yake yi wa manhaja, ba duka ba. Layi biyu ne gyaran. Layi biyu.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na nemi sunanta a imel don in ga ko ta taɓa maganar agogo. Gara ban nema ba. Shida ga Mayu: "Baba, don Allah akwai wani abu a sabar da ke taɓa manhajata da safe?" Amsata tana ƙasa, bayan minti huɗu: "Babu."

Ko dubawa ban yi ba. Minti huɗu, kuma na tuna shayi nake sha.

Litinin, 23 ga Satumba

Na sa rariya. Layi ɗaya a cikin saitin ɗan dako: duk abin da ya fito daga wancan shirin, a zubar kafin ya isa ma'ajiya. Na sake zuba Mayu. Tsaf. Manhajarta tana mutuwa ƙarfe shida ita kaɗai, babu kowa a gefenta.

A wurin bayani na rubuta "rage hayaniya". Gaskiya ne ma, kowa yana rage hayaniya a log.

Ranar bakwai ga Oktoba zan nuna wa Oga aikin. Ba zai gani ba. Yaran nan allo suke karantawa, ba sa leƙa ƙarƙashinsa.

Laraba, 25 ga Satumba

Shekara goma sha tara. Ranar da aka haifi autarmu ina ɗakin sabar. Ranar da aka kai Yaya asibiti ina ɗakin sabar, da na isa an rufe shi da zane. Babu wanda ya rubuta wannan a log. Kuskure ɗaya kuwa ga shi da daƙiƙarsa.

Asabar, 28 ga Satumba

'Yar Lungu ta kira. Ina wajen mai gyaran taya na ga sunanta, har na bari ta katse, ta sake kira.

Takardar shaida take so, wani kamfani ya ce ta kawo daga wanda ya san aikinta. Ta ce wurare uku sun ji labarin Mayu sun yi shiru. Ta ce, "Kai kaɗai ne ba ka canza mini fuska ba, Baba." Na ce zan rubuta. Sai ta ce abin da ya hana ni tuƙi: har yanzu tana buɗe lambobin manhajar tana bi layi-layi, ta kasa gano kuskurenta da ke kashe manhajar. "Idan na gano, ko ba a mayar da ni ba, zan iya barci. Matar nan nake gani."

Na ce Allah ya sa a dace. Ni. Na ce mata Allah ya sa a dace.

Mai taya ya gama tun tuni, yana tsaye yana jira in janye mota.

Lahadi, 29 ga Satumba

Na gaya wa Maman yara. Ba niyya na yi ba, tana ninke kaya ne a ɗaki ta ce kwana goma ke nan ina juya abinci kamar mai neman allura. Na faɗa mata duka, har rariyar.

Ba ta ɗaga murya ba, ta ci gaba da ninki. Ta ce, "Yarinyar nan da ta kawo maka magani lokacin da ka yi zazzaɓi?" Na ce ita. Na ce idan na faɗa za su kore ni, kuma a shekaruna wa zai ɗauke ni. Ta ce, "Na farko kuskure ne, Malam, kowa na yi. Wannan na Litinin ɗin fa, me sunansa?"

Na ce ba ta san aikin ba. Ta ce haka ne, ita ninkin kaya ta sani. Ta ɗauki kwandon ta fita.

Laraba, 2 ga Oktoba

Na zauna rubuta takardar shaidar. "Mai kula ce da aikinta." Na goge. "Ban taɓa samun ta da sakaci ba." Na goge. Duk abin da na rubuta gaskiya ne, kuma duk ya fito kamar ƙarya saboda hannun da ya rubuta.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ban taɓa rariyar ba. Na buɗe fayil ɗin sau biyar.

Litinin, 7 ga Oktoba

Taro ƙarfe goma a ɗakin sama, teburin nan dai, da tabon kofi a gefen da nake zama. Oga, manajan ma'aikata, da masu manhaja biyu. Na nuna lambar da ke bin buƙata, na nuna ƙararrawa, na nuna sunaye a rufe. Oga ya ji daɗi har yana buga tebur. Sai ya ce, "To mu ga Mayu."

Na buɗe. Layinta shi kaɗai. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, ashe dai haka ne." Ya fara tattara takardunsa.

Da na bar shi ya tashi, shi ke nan har abada.

Ban san jarumta ba, kada in yi wa kaina ƙarya a nan. Haushi ne ya kama ni. Haushin yadda ya yarda da sauri, kamar yadda suka yarda da ni a Mayu. Na ce, "Zauna, ba ka ga komai ba." A gabansu na buɗe saitin, na nuna layin da na sa da ranar da na sa shi, na goge, na sake zubawa. Minti tara ya ɗauka.  Da layin nawa ya fito a saman nata, na karanta musu shi da ƙarfi, na kuma buɗe imel ɗin "Babu".

Manajan ma'aikata ya ce a tsaya, kada kowa ya rubuta komai tukuna. Oga ya ɗago daga allo. Ya ce, "Baba, me ya sa ka ɓoye?" Sannan ya ce, "Me ya sa ka fasa?" 

Talata, 8 ga Oktoba

An ce in zauna a gida kwana uku. Maman yara ta ba ni ƙofar firij in gyara, wadda na yi wata biyar ina cewa gobe.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Takardar gargaɗi, ta ƙarshe in ji su. An karɓe mini ikon canza komai a sabar sai wani ya sa hannu. Ba a kore ni ba, kuma na san ba don ƙauna ba ne, aikin bai ƙare ba. Za su rubuta wa ɗakin gwaji bayanin gaskiya, lauya yana ta tauna kalmomin. Na tambaya ko matar za ta ji. Manaja ya ce wannan ba huruminmu ba ne.

Masu manhaja sun daina ce mini Baba. Yanzu "Malam" ne, a bushe.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na roƙi Oga ya bar ni in gaya wa 'Yar Lungu da bakina kafin takarda ta isa. Mun haɗu a benci gaban shagon da take taya yayarta tsaro, titi na ta hayaniya. Na buga layukan biyu a takarda na miƙa mata. Ba ta buƙaci bayani ba. Na ga idonta ya tsaya a kan shida da daƙiƙa ɗaya.

Ta ce, "Agogo." Ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce, "Na tambaye ka fa."

Na ce ta tambaya.

"Yaushe ka gani?" Na ce sha takwas ga Satumba. Ta ƙirga a ranta. "Ranar da na kira ka, ka sani ke nan." Na ce na sani. Ta ninke takardar huɗu ta sa a jaka. Ta ce wata biyar tana tashi da matar nan tana kwana da ita. Ta ce, "Ba zan ce na yafe ba, don ban yafe ba. Kada ka roƙa, sai ka sa ni yin ƙarya." Wata mata ta zo sayen sabulu, ta tashi ta sallame ta, ba ta dawo bencin ba.

Na zauna kamar minti goma, sannan na gane an gama.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Sun ce ta dawo, ta ƙi. Takardar wanke suna kawai ta karɓa, da sa hannun Oga. Tawa ba ta ƙara tambaya ba. An ɗauke kwalin daga kujerarta, an ɗauke kujerar ma.

Na gama saitin ƙarshe. Oga ya karanta kowane layi kafin ya sa hannu, yana bi da yatsa. Ya kama kuskure ɗaya. Ƙarami ne. Amma kuskure ne.

Litinin, 28 ga Oktoba

Ranar Asabar na kai Maman yara gidan ƙanwarta, muka wuni. Mijin ƙanwar ya cika ni da labarin kajinsa har la'asar. Wayata ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya.

Yau da safe na buɗe allo na ga ashe Asabar ɗin, biyu da minti goma na rana, manhajar sakamako ta tsaya. Ƙararrawa ta buga, Oga ya bi lambar, ya gano, ya tada ta biyu da ashirin da huɗu. Mutum bakwai ne ke jiran sakamako, duk sun samu. Babu wanda ya neme ni.

Na jira haushin ya zo. Ya zo, amma ɗan kaɗan, kamar baƙon da ya tarar ba a dafa da shi ba.

Gyaran nasa ba yadda zan yi ba ne. Ya zagaya da nisa, layi tara inda uku za su isa. Na ɗauki biro zan rubuta masa, sai na sake karantawa. A layi na bakwai ya duba ko akwai wanda ke kan layi kafin ya kashe ta. Ni da ban duba ba.

Na ajiye biron. Da ya shigo na ce masa na ga aikin Asabar. Ya tsaya yana jiran sauran maganar. Na ce babu saura, ya je ya sha shayinsa.